Wa Ke Zuba Masa?

Shekara tara ke nan, a cikin wannan wata na Sha'aban, da rasuwar mai gidana a nan birnin Riyad. Ban iya karatu ba, ban iya rubutu ba. Ina zaune ne a kan darduma ina faɗa, Rabi matar ɗana tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Malam nake ce masa, kuma da Malam zan kira shi a nan. Mutanen garinmu, can arewa da Nguru, Malam na Karnuka suke ce masa, da fari don ba'a, daga baya kuma don sunan ya riga ya bi shi.

Ban yi niyyar cewa komai bana ba. Na saba in watan ya kama in yi sadakar dabino, in yi kukana a ɗaki, in share ido. Sai ga saƙon murya ya shigo wayar Rabi daga Rugar Goriba, wata rugar Fulani da ke tsakiyar tuddan rairayi, yini guda a kan raƙumi daga inda kwalta ta ƙare. Shatu ce, 'yar aminiyata marigayiya Jebu. Sai ta hau tudu mafi tsawo waya ke kamawa, shi ya sa iska ke ta yagar maganarta. Ta ce wani mahaukacin kare ya faɗo musu daga daji, ya ciji wata yarinya, ya yi kokawa da karnukan rugar kafin maza su kashe shi. An kai yarinyar asibiti, an yi mata allurai, ta samu sauƙi. Amma hukuma ta yanke magana: ko dai a fito da kowane kare a yi masa rigakafi ranar da likitar dabbobi za ta komo, ko kuwa a zuba guba a kashe su duka. Mata kuma sun kora karnukan bayan tuddai sun ɓoye, don sun ce allurar nan ita ce gubar, riga kawai aka sauya mata.

"Inna," in ji Shatu, "ke ce kika fi kowa sanin aikin Malam. Ki gaya mana tsakaninki da Allah, mu fito da su ko kada mu fito?"

Na sa Rabi ta maimaita mini saƙon har ta gaji. Ni da ke zaune a bene, cikin garin da ko kukan zakara ba na ji, ni ake tambaya makomar karnukan da ban taɓa gani ba. Tun daga ranar Malam ya dawo mini, ba kamar yadda ya saba zuwa a hankali ba, gaba ɗayansa ya dawo, da ƙurar takalminsa da warin magani a hannun rigarsa.

Sa'ad da aka kai ni gidansa, malamin dabbobi ne na hukuma, aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura. Ba ruwansa da kare. Wata shekara hauka ya shiga karnukan Rugar Goriba, wani yaro ya mutu irin mutuwar da ba na so in kwatanta, mutuwar da mutum ke ganin ruwa yana ihu. Aka aika mutane da nama mai guba. Malam bai je da su ba, bayan sun tafi ne aikin shanu ya kai shi. Da ya dawo na ajiye masa tuwo, ya wanke hannu ya zauna yana kallonsa har ya huce. Ya ce bai taɓa shiga rugar da ba haushi ba sai ran nan. Ya ce ungulaye sun ci mushen karnukan, su ma ga su nan zube a gindin goriba. Dila na shigowa da rana tsaka ya ɗauki ɗan tunkiya a gaban mata, ba mai ce masa kanzil. Kafin damina ta zagayo kuwa, rugar ta sake cika da karnuka, amma baƙi ne daga daji, ba wanda ya san su, ba su san kowa ba, kuma sun fi na da yawa.

A nan ya samo maganar da ya riƙe har ƙarshen ransa: wuri ba ya zama wofi. In ka kashe karen da ka sani, wanda ba ka sani ba ne zai gaje shi. Karen da aka yi wa rigakafi, yana zaune a wurinsa yana korar baƙo, shi ne shingen ruga. Ya yi ta zarya a ofis har aka fara ba shi allurar karnuka yana haɗawa da ta shanu. Ba wanda ya sa shi. Kowa ya ɗauko wa kansa kaya, ai ya san inda zai sa gammo.

Ni kuma ya tafi da ni ne saboda namiji baƙo ba ya zagayawa bayan bukkokin mata. Ya ce in ɗauki kuka da daddawa in je musaya da man shanu, in buɗe kunne. Ba zan manta zuwanmu na farko ba. Ardon lokacin, dattijo mai fara'a, ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Malam ya ce ya zo yi wa karnuka allura.

"Ayya, Malam, ka sha wahalar banza," in ji Ardo. "Mu nan ba mu da kare."

Wata jar karya tana kwance, haɓarta a gefen tabarmar da Ardo ke zaune.

"Wannan fa, ranka ya daɗe?"

Ardo ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Wannan? Baƙuwa ce."

"Yaushe ta sauka?"

"To, za ta yi damina biyar."

Malam bai yi dariya ba sai da muka keɓe. Ya ce mini, "Yau na ga karya a gindin Ardo, na ji ƙarya a bakinsa, na rasa wacce zan fara yi wa allura." Rabi ta ce a rubuce 'yar ƙugiya ce kawai ta raba kalmomin nan biyu. Na ce ta sa ta da kyau, kada a yi wa mamaci ƙage.

Ba mugunta ce ta sa Ardo faɗin haka ba. A wurinsu namiji ba ya cewa kare nasa ne. Abin kunya ne ga mai sallah, ga shi in kare ya yi ɓarna mai shi ake nema, ga kuma abin da suka gani da idonsu a shekarar guba. Duk wanda Malam ya tambaya, amsa ɗaya ce. Muka yini ba a yi wa kare ko ɗaya allura ba, su kuwa karnukan da sun hango shi sai su bi rairayi.

Da la'asar yana zagaya garke, sai ya lura da wani abu. A bayan kowace bukka akwai sakaina, fasasshiyar ƙwarya, an kafa ta cikin rairayi, an lashe ta tas har tana ƙyalli. Ya kira ni ya nuna mini da haɓa. Ya ce, "Je ki wurin matan nan. Kada ki ce na wane ne. Ki ce, wa ke zuba masa?"

Na je na sami Jebu tana kaɗa nono, mace doguwa mai wushirya, bakinta ba ya ajiye magana. Na nuna wani baƙin kare na ce, wa ke zuba wa wancan? Ta ce, "Ni ce, 'yar birni. Tsala ce ta yi saura, in zubar a ƙasa? Ai ba nawa ba ne." Na ce na sani, ba naki ba ne, amma zai yarda ki riƙe shi? Ta ce, "In bai yarda ba gobe ya sha iska." Ta ɗauki sakainar ta ƙwanƙwasa da ludayi, sai ga kare ya zo yana kaɗa wutsiya. Ta danne wuyansa a cinyarta, Malam ya tsira allura, ko ƙara bai yi ba. Kafin rana ta faɗi kowace mace ta fito da sakainarta. Ba wadda ta ce tana da kare, kuma ba karen da ya rasa mai riƙe shi.

Haka aikin ya tafi shekara da shekaru, a Rugar Goriba da rugagen da ke bayanta. Mazan karnuka yakan fiɗiye su, don su daina yawon neman mace suna kwaso ciwo. Mace ba ya iya yi mata aiki a daji, sai ya koya wa mata su ɗaure ta cikin shingen ƙaya in lokacinta ya zo, har ya wuce. 'Yan kwikwiyon da aka haifa kuma ya hana a kai su bayan tudu a yar, kamar yadda aka saba, don waɗanda suka rayu cikinsu su ne ke zama karnukan daji. Yakan sa su a mangala ya kai rugar da take nema. Fulani ba sa son a ƙirga musu dabba, shi kuwa bai taɓa ƙirgawa ba. Ma'auninsa ɗaya ne: kada karnuka su fi sakaina yawa. Kada a haifi wanda ba mai zuba masa.

Duk wanda aka yi wa allura, sai in shafa masa shuni a goshi don kada a maimaita. Har yau in na rufe ido da azahar, sanyin na'urar ɗakin nan yana busa mini, abin da nake gani ke nan: farin rairayi har iyakar gani, goriba tsaye ɗaya-ɗaya kamar masu jiran wani, da karnuka masu shuɗin goshi suna sassarfa a kan tudu kamar matan da suka dawo daga biki. Wani lokaci dogayen benayen Riyad sukan shigo cikin mafarkin, su tsaya a tsakanin goriba, fitilunsu a kunne da rana, karnukan su bi ta ƙofofinsu su fita ta baya ba mai hana su. Malam yana can gaba a kan raƙumi, bai waiwayo ba, ya rungume akwatinsa.

Akwatin nan shi ne ransa. Allurar ba ta son zafi, in ta ɗumama ta zama ruwan banza. Yakan sayo ƙanƙara a Nguru, ya jera kwalaben a ciki, ya naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, ya cire rawaninsa ya yi masa inuwa, shi kansa yana rana. Ruwan shanmu ya sha ƙarewa a kan buhun nan. Na taɓa ce masa da ni yake lallaɓawa haka da na yi ƙiba. Ya ce ai ni ko na ɗumama ba na lalacewa. In ya isa ruga, kafin ya taɓa kowane kare, sai ya buɗe akwatin ya ce mata su sa hannu. Da yawansu ba su taɓa taɓa ƙanƙara ba, sai su yi tsalle suna salati, Jebu ta ce wuta ce fara. Shi kuwa sai ya ce musu, "Kun taɓa ganin wanda ya yi wa guba inuwa? Guba ba ta neman sanyi. Abin da ake so ya rayar, shi ake wahala a kansa."

A gari ya sha magana. Akwai waɗanda in ya shiga sahu sai su ɗan matsa. Akwai mai shayin da ya ware masa kofi. Bai taɓa kai ƙara ba, bai taɓa jayayya ba, sai dai ya yi wanka ya sauya riga kafin ya tafi masallaci, ya ce haƙƙin mutane ne. In yara sun bi shi suna haushi, sai ya juyo ya ce, "Wannan haushin bai nuna ba, ku zo in yi muku allura." Su watse suna dariya. Amma a duk shekarun da ya yi yana zagayen nan, ba a sake binne wani a Rugar Goriba saboda cizon kare ba. Wannan na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Da ya yi ritaya gwiwa ta hana shi hawan raƙumi, aikin ya tsaya, don dama ba a rubuce yake cikin aikin kowa ba. Ɗanmu, wanda nake kira Injiniya, yana gyaran injuna a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu, shi ya kawo mu Umara, daga nan muka zo Riyad ziyara. Lokacin a Sulay yake zaune, unguwar rumbunan kaya da garejoji. Mutum ya zo ƙasa mai tsarki, ga manyan kantuna, ga tituna kamar an goge da man shanu, amma Malam ba abin da ya ja hankalinsa sai wasu ramammun karnuka da ke kwana a ƙarƙashin tirela a bayan wani rumbu. Kullum da hantsi sai ya ɗauki sanda ya tafi kallonsu. Mai gadin wurin wani bawan Allah ne mutumin Maradi. Malam ya ce masa, ɗana, wa ke zuba musu?

"Wallahi Baba ba nawa ba ne," in ji mai gadi. "Ni da kaina a ƙarƙashin kafili nake, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ina ni ina ɗaukar nauyin wani? Waɗannan ko iƙama, takardar zama, ba su da ita."

Malam ya nuna masa wani murfin bokiti a gindin katanga, da ragowar shinkafa a ciki. Mai gadi ya sosa ƙeya ya ce, "To, ragowar kabsa ce, Baba. In zubar a shara?" Malam ya dawo gida yana dariya har da hawaye, ya ce mini ya ga Jebu da gemu. Bai yi sati biyu bayan nan ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi. A asibiti ya cika, ina riƙe da ƙafarsa. Na koma gida na yi takaba, daga baya Injiniya ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba, ya yi mini takardun zama. Ga ni nan, a garin da ya ajiye ni.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. A bakin kantin da ke ƙasan benenmu akwai kyanwoyi, wasu an ɗan yanke musu tsinin kunne ɗaya. Injiniya ya ce wasu masu kula da dabbobi ne ke kama su, a yi musu aikin hana haihuwa, mace da namiji, a yi musu rigakafi, a dawo da su inda aka ɗauke su, yankan kunnen shi ne shaida. Na ce ashe shunina ne ya zo Riyad ya zama almakashi. Da Malam zai tsaya ya daɗe yana kallonsu. Zai ji daɗin cewa har mace ana yi wa aikin, abin da ya gagare shi. Kuma na san daga baya zai ce kyanwar birni ta samu, karen da ke tsare 'yan maruƙa a bayan tudu bai samu ba. Inda kwalta ta ƙare, nan tausayin hukuma ke gajiya, a ko'ina ne kuwa.

To ga tambayar Shatu tana jirana, ga ranar komowar likita tana matsowa. In na ce su fito da su, alhali ban san abin da ke cikin allurar ba, na ci amanar Jebu a kabarinta. In na ce su ɓoye, guba za ta bi su har bayan tudun, ta haɗa da ungulu da dila, rugar ta sake yin shirun nan da ya hana Malam cin tuwo. Na ce wa Injiniya ya nemo mini likitar. Ya bi ta hannun wani ɗan ƙanena har aka samu lambarta. Yarinya ce, muryarta kamar ta Rabi, amma ba ta da gaggawa.

Na ce, "'Yata, a cikin me kike ɗauko maganin?"

Ta ce, "A akwati mai ƙanƙara, Mama. Ni nake rungume shi a gaban mota, ba na yarda a sa shi a baya."

Na ce, "Za ki bar mata su sa hannu a ciki?"

Ta yi dariya ta ce, "Su sa har gwiwar hannu." Ta ce ita ce ta roƙi a ɗaga zancen guba a ba ta dama ɗaya, kuma ta san a hannun mata abin yake, sai dai da sun hango motar sai su shige bukka, don tare ta zo da mutanen da suka fara ambatar guba. Sannan ta ce, "Mama, akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Duk karen da mahaukacin nan ya yi wa rauni, allura ba za ta cece shi ba, don ba a taɓa yi masa ba a baya. Wannan dole in kwantar da shi."

Na san haka ne, don Malam ma haka yake yi, kuma bai taɓa ɓoye wa mace ba kafin ta riƙe masa kare. Rabi ta ce, "Inna, in kika faɗa musu wannan, ai ko ɗaya ba za su fito da shi ba. Ki bari sai an gama." Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta danna wayar, na yi magana da Shatu kamar tana gabana. Na ce ku sa hannu a akwatin, in kun ji sanyi ku ɗauko sakaina, irin ta Malam ce. Na ce yarinyar nan ba Malam ba ce, amma karen bana shi ke maganin zomon bana. Na kuma gaya mata zancen masu rauni, ban rage komai ba.

Saƙon ya tafi, amsa ba ta zo ba. Ranar ta zo ta wuce. Rabi ta ce wataƙila wayar ce ba caji, ko Shatu ba ta samu hawa tudu ba. Na kasa cin abinci sai shayi. Ina kwanciya da rana sai in ga rairayin nan fari fat, ba sawun komai a kansa, ina ta ƙwanƙwasa sakaina ba abin da ke fitowa. Wani lokaci in ga Jebu zaune a kan tudu da ƙwaryarta, ta juya mini baya. Na yi ta cewa a raina, Malam, da kai ne da ka san yadda za ka faɗa musu ba tare da ka tsorata su ba. Ni ban iya zagaye irin naka ba.

Ran Alhamis da hantsi Rabi ta shigo da gudu, hannunta duk kumfar wanki. Kafin Shatu ta ce komai, abin da na fara ji a wayar haushi ne, can ƙasan tudu, da yawa, manya da ƙanana. Na ce Rabi tsaya, mayar da shi farko. Sai da na ƙoshi da haushin nan sannan na saurari magana.

Ta ce da motar ta iso ba wadda ta fito. Likitar ta sauko ita kaɗai, ta ajiye akwatin a inuwar goriba, ta buɗe, ta koma gefe ta zauna. Wata tsohuwa da ta san zamanin Malam ta dogara sanda ta je ta sa hannu, ta ɗago ta ce, "Farar wutar nan ce." Sai aka fara jin ƙwanƙwasar sakaina daga bayan bukkoki, karnuka suna gangarowa daga tuddai. Aka yi musu allura gaba ɗaya, aka fiɗiye mazan da aka yarda, likitar ta ce za ta komo da kayan aikin mata bayan damina. Zancen guba ya mutu.

Saura ɗaya. Wata farar karya ce mai rauni a wuya, ita ce ta tari mahaukacin karen ranar da ya shigo, ta tsaya tsakaninsa da yaran da ke wasa. Likitar ta duba raunin ta ce wannan ce. Ta ce ba za ta taɓa ta ba sai mai ita ya yarda, ta ɗaga murya a gaban maza ta ce, ta wace ce? Ardon yanzu, jikan wancan, ya gyara murya ya fara cewa ai baƙuwa ce.

"Sai na ji bakina ya ce, tawa ce," in ji Shatu. "A gaban surukaina, Inna. Na ce tawa ce, ni na raine ta, ba baƙuwa ba ce. Da na ji saƙonki na so in gudu da ita, na kai ta har bayan tudu na dawo da ita. Na zuba mata madara, ba tsala ba, ta sha. Na riƙe kanta har ta yi barci. Mun haƙa mata rami mai zurfi."

Daga nan sai ƙarar iska, saƙon ya ƙare.

Malam ya yi kusan shekara talatin yana bin rugagen nan, bai taɓa jin wani ya ce kare nasa ne ba. Ya gane ƙofar gaba a rufe take, ya zagaya ta baya da 'yar tambayarsa, ya yi aikinsa ba tare da ya kunyata kowa ba. Na ɗauka tambayar ce gadon da ya bari. Yanzu na ga ashe sanda ce ya ba su su dogara kafin ƙafa ta yi ƙwari. Bai bar gida mai bene ba, bai bar shanu ba, aikin nasa ma ya tsaya da ya tsaya, kuma ban san ko likitar nan za ta samu komowa bayan damina ba, don alkawarin hanya mai rairayi sai an gani. Abin da na sani, a wata ruga da ba ta cikin lissafin kowa, mace ta tsaya gaban maza ta amsa sunan abin da take ciyarwa, a ranar da amsawar ba ta da riba sai baƙin ciki. Allah ya kai ladan nan inda Malam yake kwance, ya sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya wa abin da aka ba shi amana.

Washegari Juma'a na ce Injiniya ya kai ni maƙabartar Al-Oud, inda aka binne shi. Mata ba sa shiga, kuma ya gaya mini ko an shiga ba suna a kan kabari, duwatsu ne kawai a jere, na sarki da na talaka iri ɗaya. Kullum a mota nake zama in kalli katangar, shi ya shiga ya yi addu'a ya fito. Ran nan na buɗe ƙofa na sauko, na je na dafa katangar, tana da ɗumi kamar bayan raƙumi. Wani mai gadi ya taso yana magana da Larabci a hankali. Injiniya ya ce, "Inna, cewa yake ko kin ɓata hanya ne, me kike nema a nan?" Ya buɗe baki zai amsa masa, na riƙe hannunsa.

Na ce, "Gaya masa ban ɓata ba. Akwai nawa a ciki."